Filin Makanikai: Jijjigar Giyabos a Tsofaffin Motocin Gudu

Wasiƙun da suka zo mana a wannan karon yawancinsu a kan abu ɗaya suke, wato ƙananan motocin gudu na Turai da Japan, irin na shekarun 1960 da 1970, da jijjigar da ke tasowa daga ƙarƙashin sandar giya. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da MGB ƙirar 1972 mai obadiraf, wato ƙarin giya da ke rage juyin inji a guje. Da na kai gudun kilomita 85 zuwa 100 sai ƙasan motar ya ɗauki gunji, sandar giya na karkarwa a hannu, madubin ciki ya dushe. Makanike ya ce giyabos ne ya mutu, in nemi wani. In saya? Daga wani makaranci a Landan.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Giyabos in ya lalace kuka yake yi, ko tsuwa, ko ya riƙa tofar da giya. Ba kasafai yake girgiza mota a wani ƙayyadadden gudu ba. Sandar giya ce ƙarfen da ya fito daga ƙasa ya shigo hannunka, shi ya sa duk abin da ya motsa a can ita ake zargi. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Akwai gwaji uku da ba sai an kwance ko noti ɗaya ba. Mota na tsaye, giya a firi, ka ɗaga totur a hankali daga silo har juyi 3,500 a minti. In jijjigar ta bayyana a nan, daga inji take, ko filawil (faifan ƙarfe mai nauyi da ke bayan inji), ko kuloci, ko salansa ce ke taɓa jikin mota. Farfela, wato dogon bututun da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul, ba ta juyawa a lokacin, babu ruwanta. Sai ka hau titi mai kyau, ka kai gudun da take yi maka, ka sa firi, ka bar inji ya koma silo mota na tafiya. In jijjigar ta ci gaba, inji ya fita daga zargi, saura farfela da aksul da tayu. Na uku, ka riƙe gudu ɗaya a giya ta uku, sannan ta huɗu, sannan da obadiraf. Juyin inji zai canja sau uku, na farfela kuwa yana nan yadda yake, domin ita da tayu a ɗaure suke. In jijjigar ba ta sauya ba, gudun mota take bi, ba na inji ba.

Tsakanin taya da farfela, jikinka ma zai gaya maka. A gudun kilomita 100, tayar MGB tana juyawa kimanin sau 14 a sakan, farfela kuwa ta ninka wannan kusan sau huɗu, tun da aksul ɗinta 3.9 ne; wajen sau 55 a sakan ke nan. Sau 14 girgiza ce da za ka ji tana kaɗa kujera da sitiyari. Sau 55 gunji ne mai dusar da madubi, mai sa tafin ƙafa ƙaiƙayi. Abin da ka kwatanta na biyun ne.

To a shiga ƙarƙashi. A kama farfela kusa da kowane kuros, wato gaɓar da ke ba ta damar lanƙwasawa tana juyi, a murɗa hagu da dama, a ɗaga sama da ƙasa. Ko ƙaramin motsi aka ji, kuros ɗin ya gama. Jan ƙura kamar tsatsa a bakin kofunansa alama ce alluransa sun bushe. Kuros ɗin da ya ƙame shi ma yana girgiza mota, kuma shi ba a gane shi sai an sauke farfelar an lanƙwasa shi da hannu. Kafin a sauke, a shafa fenti a kan filanjin gaba da na baya, wato farantan da ake ɗaure ta da bolti a kansu, domin ta koma yadda ta fito.

Abin da aka fi tafka kuskure a kansa shi ne wurin da farfela ke zamewa, mai haƙora. In an zare shi an mayar ba a kan haƙoran da ya fito ba, kunnuwan kuros na gaba da na baya sun daina kallon gefe ɗaya. Kuros in yana aiki a karkace, sauri da sassauci yake yi sau biyu a kowane juyi. Na baya shi ke warware abin da na gaba ya ƙulla, amma sai in kunnuwansu na kan layi ɗaya, kuma karkatarsu ta zo daidai. Ka nemi kibiyoyin da masana'anta ta buga a jikin bututun; in sun goge, a kwantar da farfelar a kan teburi mai shafe a daidaita da ido. Karkatar kuma a auna ta da ma'aunin kusurwa, ko na wayar hannu ma ya isa, mota na tsaye a kan tayunta: kowane kuros kada ya wuce digiri 3, kada kuma ya zama sifili, bambancin na gaba da na baya kada ya wuce digiri 1. A nan ne kujerar giya, wato robar da giyabos ke zaune a kanta, ke shigowa. Digiri ɗaya a tsawon mita ɗaya wajen milimita 17 ne, don haka robar da ta zauna da santimita ɗaya ta riga ta cinye rabin digiri ko fiye.

In duk wannan lafiya, saura nauyi. Ka duba ko ɗan ƙarfen balansin da aka liƙa wa bututun ya faɗi, ko an fesa masa kwalta a gefe ɗaya. Wani lokaci kwance filanjin baya a juya shi rabin zagaye a ɗaure yana rage abin sosai. Masu dabara kan ɗaura kilif ɗin tiyo biyu a ƙarshen bututun, su riƙa matsar da kawunansu har gunjin ya kwanta. Yana aiki, amma ana yin sa ne aksul na kan ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi, ba kan jak ba, kuma ba mai shiga ƙarƙashi farfela na juyawa. In akwai mai injin balansin farfela a kusa, kai masa ya fi.

TAMBAYA: Ni makanike ne. Masu irin waɗannan motocin suna zuwa da kujerun inji da na giya na foliyuretan, wani irin roba mai tauri, wasu ma na ƙarfe zalla, wai sun fi ƙarko. In ba a samu ta asali ba mu kan yanka tsohuwar taya mu huda mu sa. Wanne ya fi? Daga wani makaranci a Kaduna.

AMSA: Ɗan'uwa, a motar da ake hawa a titi, babu wanda ya kai robar asali a cikin ukun nan. Mutane suna ɗaukar tauri a matsayin ƙarfi, alhali aikin kujerar inji shi ne ta yi laushi.

Ga lissafin. Inji mai silinda huɗu yana tashin wuta sau biyu a kowane juyi. A silo na juyi 800, bugu 1,600 ke nan a minti, kimanin 27 a sakan. Shi kuma nauyin inji da giyabos a kan roba yana da nasa saurin lilo, wanda ya dogara ga yadda robar ta lotsa da aka ɗora mata kaya. In ta lotsa milimita 4, lilon wajen sau 8 ne a sakan. In milimita 1 ne, wajen sau 16. In rabin milimita ne, wajen sau 22. Roba ba ta fara tare jijjiga sai bugun da ke zuwa ya fi saurin lilonta da kusan ninki ɗaya da rabi; in suka yi kusa da juna, ƙara ta take yi. A lissafin takarda, mai lotsawa milimita 4 tana barin kimanin kashi ɗaya cikin goma na bugun silo ya wuce zuwa shasi. Mai milimita 1 tana barin fiye da rabi. Mai rabin milimita kuwa sai ta ninka shi, har ta fi ƙarfe zalla muni a silo. Shi ya sa za ka ga an sa sababbin kujeru masu tsada, mota na tsaye a danja, dashbod na kaɗawa kamar injin niƙa. Gyaran gangar Auzinawa.

Ana auna taurin roba da ma'aunin Shore A. Na asali galibi tsakanin 50 da 60 suke, na foliyuretan da ake sayarwa kuma daga 70 zuwa 90. In dole sai foliyuretan, a ɗauki mafi laushi. Fifikonsa na gaskiya ɗaya ne: mai ba ya narkar da shi. Robar asali in baƙin mai ya daɗe yana ɗiga a kanta kumbura take yi ta zama kamar tuwo, kuma motocin Ingila na wancan zamani ba su san riƙe mai ba. Abin da ya zubo daga bayan inji iska ce ke kai shi kan kujerar giya kai tsaye. Saboda haka a toshe yoyon kafin a sa sabuwa, in ba haka ba shekara guda ba za ta yi ba.

Yankan taya kuwa, na fita daga daji ne a kai gida. Akwai zare da waya a cikinsa, ba ya lotsawa yadda ya kamata, kuma da yake bolti ɗaya ke ratsa shi daga sama har ƙasa, jijjigar ta boltin take bi ta wuce, robar ta zama ado. Kujerar asali faranti biyu ne na ƙarfe da roba a tsakani, ba ƙarfen da ke taɓa ɗan'uwansa. Ƙarfe zalla na filin tsere ne, inda ake duba mota bayan kowace fita. A titi yana kwance notina, yana tsaga salansa da mariƙin kafireto. Mafi muni shi ne a haɗa: ƙarfe a giya, roba a inji. Inji zai so ya murɗa, wutsiyar giyabos a daskare, sai murɗar ta ƙare a kan kaskon kuloci na alminiyam, ya tsage.

In damuwar mai mota ita ce inji na yawan motsi in ya taka wuta, a taƙaita tafiyar motsin, kada a taurara kujera. Ana sa sanda mai bushin roba a kai biyu daga saman inji zuwa jikin mota, a ɗaure ta inji na hutawa, ba tana ja ko tana turawa ba. Ko a sa ɗan dungun roba da tazarar milimita 2 zuwa 3, wanda ba ya taɓawa sai inji ya yunƙura. MGB tana da irin wannan matari a tsakiyar ƙarfen da ke ɗauke da giyabos. Ɗaura shi akwai cin rai, hannu ba ya shiga, shi ya sa da yawa ake tarar da an jefar da shi. Ranar da aka take birki da ƙarfi inji ya zamo gaba, fanka ta ci lagireto. Kujerar da ke da ramuka kuma, in ba ta yage ba, ana iya wanke ta, a toshe gefe ɗaya da salatif, a cika ramukan da baƙin gam ɗin gilashin mota, a bar shi mako guda ya bushe. Tana ƙara tauri kaɗan ba tare da ta zama dutse ba.

Wajen ɗaurawa: a canja duka tare, na inji da na giya. A sa boltoci a sake, a sassauta salansa, a sauke nauyi a kan robobin, a girgiza injin da hannu ya zauna, sannan a ɗaure. A tabbata yatsa na shiga tsakanin giyabos da jikin mota ta kowane gefe.

TAMBAYA: Alfa Romeo Spider 2000 ce tawa, ta 1974. Robar nan mai kama da zobe da ke bayan giyabos ta yage sau biyu cikin shekara ɗaya. Jabu ake sayar mini? Daga wata makaranciya a Milan.

AMSA: Hajiya, zai yiwu, domin akwai marasa kyau a kasuwa, akwai kuma waɗanda suka shekara ashirin a kanta suka bushe tun ba a ɗaura su ba. Amma in abu ya yage sau biyu, a duba abin da ke yaga shi. Wannan robar ita Italiyawa ke kira Giubo. Bolti shida gare ta, uku na riƙe da wutsiyar giyabos, uku na riƙe da farfela, aikinta ta shanye fizgar inji kafin ta isa aksul. An yi ta ne ta yi aiki kusan a miƙe. In bushin da ke ɗauke da wutsiyar giyabos ya zauna, ko kujerun inji sun lotse, ko robar boris ɗin tsakiyar farfela ta saki, sai ta riƙa lanƙwasuwa a kowane juyi, ta yi zafi, ta tsage daga ramukan bolti.

Akwai kuma wani ɗan bushi a hancin farfela wanda kan sandar giyabos ke shiga cikinsa. Shi ke riƙe farfela a tsakiya, ba robar ba. In ya cinye, robar ce ke ɗaukar aikin da ba nata ba, kuma mota za ta yi gunji ko da robar sabuwa ce. A canja shi, a sa masa ɗan giris.

Sabuwar robar tana zuwa da ɗamarar ƙarfe a zagaye da ita, wadda ta matse ta domin ramukan su zo daidai da filanji. Ba a yanke ɗamarar sai an sa bolti shida an ɗaure. Wanda ya yanke da wuri sai ya koma yana tura bolti da guduma, ya raunata robar. In za a cire tsohuwa mai lafiya a mayar, a matse ta da babban kilif ɗin tiyo kafin a kwance. Wajen ɗaurewa, a riƙe ɓangaren da ke jikin roba kada ya juya, a juya na jikin filanji. In ba haka ba robar za ta zauna a murɗe. A sa sababbin notina masu kulle kansu. Boltocin boris ɗin tsakiya su ne na ƙarshe, bayan mota ta sauka a kan tayunta. In an raba farfelar biyu, a yi mata alama tukuna, domin a haɗe aka yi mata balansin. Haka ake yi wa irin wannan robar a sandunan tayun baya na Lotus Elan da wasu ƙirar Triumph GT6.

Kada ki ci gaba da hawa in kin ga tsaga. In ta ɓalle a guje, kan farfela ne zai riƙa dukan ƙasan mota dab da ƙafarki.

TAMBAYA: Na sa filawil marar nauyi a Datsun 240Z. Yanzu in tana silo a firi sai giyabos ya riƙa kaf-kaf kamar tsakuwa a gwangwani, in na taka kuloci ya yi shiru. Na ɓata wani abu ne? Daga wani makaranci a Abuja.

AMSA: Ba ka ɓata komai ba, Alhaji, ka dai cire abin da ke rufa wa giyabos asiri. Inji ba ya juyawa sumul; kowane tashin wuta fizga ce, nauyin filawil ne ke shafe ta. Da ka rage nauyin, fizgar ta isa ga haƙoran giya da ke yawo babu kaya a kansu, suna bugun juna. Alamar ita ce ƙarar ta fi yawa in mai ya yi zafi, kuma tana ɓacewa in ka ɗaga silo zuwa juyi 1,000 ko 1,100. In kuwa ƙarar shuu ce mai ƙaruwa da totur, boris ɗin sandar gaba ne, wannan sai an buɗe. Ka daidaita kafireto biyun su ja iska daidai, ka duba fulogi da taimin, ka ɗan ɗaga silo. Ka kuma tabbata faifan kuloci mai sifirin ne a tsakiya. Marar sifirin na tsere ne.

TAMBAYA: Triumph TR6 ɗina tana yin ƙwas daga baya duk lokacin da na saki kuloci ko na ɗaga ƙafa daga totur. An canja kujerar giya, ba ta daina ba. Daga wani makaranci a Manchesta.

AMSA: Malam, wannan sanannen ciwon TR6 ne, kuma a nan ne ake bukatar ƙarin ƙarfe da gaske. Tukunyar aksul ɗinta, wato kaskon haƙoran da ke raba juyi ga tayun baya, a rataye take a jikin shasi da sanduna huɗu masu zare, biyu gaba biyu baya. Duk lokacin da ka taka wuta tukunyar tana neman ta murɗa, kuma sandar gaba ta hannun dama ita ta fi shan wahala, har farantin da aka walda ta a kai ya tsage. Ka haska tocila a gindin sandunan. Layin tsatsa siriri kamar gashi tsaga ce. Amma kafin walda, a duba sauran masu yin irin wannan ƙarar: kuros shida ne tsakanin giyabos da tayun baya, biyu a farfela, huɗu a sandunan tayu, ga haƙoran zamewa na sandunan, ga haƙoran cibiyar taya in mai ƙafafun waya ce.

In tsagar ce, sai a sauke tukunyar. A cire batir, a kawar da tiyon fetur da na birki, a kare tanki. A kankare har farin ƙarfe. A huda ƙaramin rami na milimita 3 a ƙarshen kowace tsaga domin ta daina tafiya, a fafe bakinta da garanda, a walda. Walda a kan tsaga kaɗai ba ta daɗewa, sai ta sake fitowa a gefenta. Mariƙan asali a buɗe suke ta gefe. Maganin shi ne a rufe su da faranti mai kaurin milimita 3 su zama akwati, a yi wa dukkan huɗun, ba wanda ya tsage kawai ba. Saman sandar ma yana son walda, kuma ba a isa gare shi sai an ɗaga bodi ko an yanka ƙaramar taga a daɓen mota daga sama. Kafin a kunna wuta a yi wani ƙarfe mai ramuka huɗu daidai da na tukunyar a zura a sandunan, domin zafi na janye su. In suka kauce, tukunyar ba za ta koma ba.

Wata ƙa'ida da ta shafi kowane faci a shasi ko a ƙarfen da ke ɗauke da giyabos: kaurin faci ya yi kusa da na ƙarfen da ake liƙa wa. Farantin milimita 6 a kan ƙarfen milimita 2 ba ƙarfi ba ne, ya dai matsar da tsagar zuwa bakin facin. A zagaye kusurwoyinsa. Inda bolti ke ratsa ƙarfe mai rami a ciki, a walda ɗan bututu a tsakiya kada ɗauri ya lotsa shi. A kuma tuna boltocin waɗannan motoci na Ingila awon inci ne. Wanda ya tura na milimita da ƙarfi ya kashe zaren.

Mai 240Z da ya yi tambaya a sama, kai ma ka duba naka. A wannan motar kujerar gaban tukunya a ƙasa take, hancin tukunyar kuwa sama yake ɗagawa in an taka wuta, sai ya riƙa jan robar har ta rabu da ƙarfenta. Ɗamarar da aka ɗaura ta sama ita ma tana saki da tsufa. Masu gyara kan sa mariƙi ta sama mai dungun roba, yadda hancin zai danna roba maimakon ya ja ta.

TAMBAYA: Porsche 911 ce ta 1975, na ɗora mata inji mai lita 3.2. Wani ya ce a walda wa giyabos haƙarƙari ta waje don ya jure. Haka ne? Daga wani makaranci a Jamus.

AMSA: A'a, Malam, kada wuta ta kusanci wannan kaskon. Giyabos ɗinka shi ne 915, wanda Porsche ta yi amfani da shi daga 1972 zuwa 1986, kuma na shekarar motarka kaskonsa magniziyam ne. In kana shakka, ka kankare wani ɗan wuri ka ɗiga ruwan tsami na binega: magniziyam zai yi kumfa, alminiyam ba zai yi ba. Garinsa yana kamawa da wuta, ruwa kuma ba ya kashe ta. Ko da alminiyam ne, zafin walda yana karkatar da ramukan boris, ka ga an kashe abin da aka zo ceto.

Ƙarfafa 915 daga ciki ake yi. Haƙoran giya in suna aiki ture juna suke, sanda biyun na neman rabuwa, har zoben boris ya fara juyawa a cikin raminsa ya faɗaɗa shi. Na asali faranti biyu ne daban-daban ke danne boris ɗin. Ana maye su da faranti guda na ƙarfe da ke ɗaure duka biyun tare. Ramin da ya riga ya faɗaɗa sai mai injin sassaƙa ƙarfe ya fafe shi ya dasa zoben ƙarfe. Murfin gefe na tukunyar aksul, wadda a wannan motar a haɗe take da giyabos, shi ma yana buɗewa in babban haƙori ya tura shi, ana sa mai kauri na alminiyam. Amma duk wanda ya taɓa waɗannan dole ya sake auna zurfin ƙaramin haƙori da tazarar da ke tsakaninsa da babban, da matsin boris, kuma wannan aikin kayan awo na musamman ne. In an yi da ka, tsuwa za ta biyo baya.

In giya na wuyar shiga, kafin a sauke komai a buɗe ɗan murfin da ke ƙasa a gaban kujerun baya. Akwai mahaɗin sandar giya a nan, bushinsa na roba ne mai tauri, yana rugujewa. Kujeru huɗu ne ke ɗauke da inji da giya a wannan motar, biyu can baya, biyu a hancin giyabos. A canja su tare. Faifan kuloci mai cibiyar roba da aka sa wa 911 SC daga 1978 an yi shi ne don kashe irin kaf-kaf ɗin da muka ambata, sai dai in ya tsufa tarwatsewa yake yi. Ka sa mai sifirin.

TAMBAYA: In na zuba man giya mai kauri, lamba 140, zai rage ƙara?

AMSA: Zai ɓoye ta na ɗan lokaci, ya sa giya ta ƙi shiga da safe. Kowace mota da nata. Giyabos ɗin MGB da obadiraf ɗinsa man inji suke sha, 20W-50, kuma ba a zuba musu maganin ƙara santsi, domin obadiraf na da nasa kuloci a cikin mai, zai riƙa zamewa. TR6 na son man giya lamba 90 na ajin GL-4, saboda zobban tagulla da ke ciki. Porsche 915 kuwa GL-5 take sha, wajen lita 3, tun da giya da tukunyar aksul mai ɗaya suke tarayya.

TAMBAYA: Na samu Peugeot 504 Coupé mai inji V6. Tana rawa a silo, tana kuma gunji a guje. Na leƙa ban ga kujerar giya ba, ban ga farfela a fili ba. Kayan 504 ɗinmu na gida za su shiga? Daga wani makaranci a Kano.

AMSA: Alhaji, ka yi dace da mota, irinta ce Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar Safari ta Kenya da ita a 1978. Ba a sace maka kujerar giya ba. A wannan ƙirar wani bututu mai ƙarfi ne ya haɗa wutsiyar giyabos da tukunyar aksul, farfela na juyawa a cikinsa, sai inji da giya da bututu da tukunya suka zama abu guda. Kujerun inji biyu ne ke ɗauke da shi a gaba, robobin tukunya a baya. Don haka in gunji ya taso, robobin bayan nan ne farkon dubawa. In sun zauna, ƙarfe na taɓa ƙarfe, duk ƙarar giya da ta aksul sai ta shigo cikin mota. Bayansu sai boris ɗin da ke tsakiyar bututun, wanda yake bushewa in ya rasa giris, da haƙoran kai biyu na farfelar. Cinyayyun haƙora ƙwas suke yi in an saki kuloci, kuma ranar da suka ƙare inji zai yi ta ihu mota ba ta motsi.

Rawar silo kuwa, wani ɓangarenta halitta ce. Wannan V6 ɗin mai lita 2.7, wanda Peugeot da Renault da Volvo suka yi tare, ba ya tashin wuta a tazara ɗaya: digiri 90 ne, sannan 150, haka yake ta maimaitawa. Ko yana sabo akwai ɗan ɗingishi a muryarsa. Inji irin wannan shi ya fi kowa bukatar kujeru masu laushi. In ka taurara su, ba za ka iya zama a cikin motar ba.

Maganar kaya, a 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, don haka kasuwannin Ƙofar Ruwa da Panteka ba sa rasa kayan 504, amma a yi hattara. Tsakanin tayar gaba da ta baya Coupé ta fi salun gajarta da santimita 19, saboda haka bututu da farfelar salun ba za su shiga ba. Na wagon da akori-kura kuwa ƙirarsu ma daban ce, aksul ɗinsu sanda ɗaya ne mai hawa da sauka. Kujerun inji mai silinda huɗu ma kada ka ɗauka za su zauna a V6 don sun yi kama a ido. Ka tafi kasuwa da tsohon kayan a hannu, ka auna tsayin robar da tazarar ramukan bolti, in boris ne ko sil a karanta lambar da ke jikinsa.